Daga filafilin jirgi zuwa gwamnati: kalmar da yaranmu ke hardacewa ba su ga hotonta ba

Wani dare a makon da ya wuce, ɗana da ke ajin CM2 yana bitar kalmomin da za a yi musu dikte, sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, mene ne gouvernail?" Na ce ya karanto mini abin da aka rubuta musu a kaye. Ya karanto babu tuntuɓe: abin da ake juya jirgin ruwa da shi. Na ce to a ina yake a jikin jirgin, gaba ko baya? Ya yi ɗan tunani ya ce gaba, tunda direban mota ma a gaba yake zama.

Yaron ba shi da laifi. A Maraɗi aka haife shi, gulbinmu kuwa mafi yawan watannin shekara yashi ne. Gobe zai rubuta kalmar daidai, ya samu maki, jibi ta fice masa daga kai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan kalma da yake ɗauka baƙuwa ce ƴar'uwarta na bakinsa kullum, duk lokacin da ya ce "gwamna" ko "gwamnati". Babu wanda ya taɓa gaya masa, ni ma sai da na girma na sani. Ra'ayina shi ne muna zaluntar yara idan muka ba su kalma muka hana su abin da kalmar ke nunawa, kuma tsohon sunan nan na abin juya jirgi ya isa misali.

Mu fara da abin kansa. Kafin a ƙirƙiro allon da ake maƙalawa a bayan jirgi, filafili ake juya jirgi da shi, irin dai yadda mai kwale-kwale a Gaya ko Ayoru yake zama a baya ya nutsa filafilinsa gefe ya karkata hancin jirgin. Da jirage suka yi girma sai filafilin juyi ya yi girma, aka ɗaure shi a gefen jirgi ta wajen baya, aka sa masa mariƙi. Jirgin Fir'auna Khufu, wanda aka tono a gindin babban dalar Giza a Masar a 1954, tsawonsa ya kai mita 43, kuma yana da irin waɗannan manyan filafilai guda 2 a bayansa. Jirgin ya haura shekara 4,000.

Girkawan dā suna kiran mai riƙe da wannan filafili kybernetes. Romawa suka ari kalmar suka mai da ita gubernator, aikin kuma gubernare, filafilin kansa suka ce gubernaculum. Daga wannan gubernaculum ne Faransanci ya samu gouvernail. Tun a Roma kalmar ta fara sauka daga jirgi tana shiga fada, domin masu magana irin su Cicero sukan kwatanta riƙon ƙasa da riƙon filafilin jirgi. Faransawa suka gaji gouverner da gouverneur da gouvernement, Ingilishi ya karɓa daga gare su, Hausa kuma ta karɓa zamanin mulkin mallaka ta gyara su daidai bakinta: gwamna, gwamnati. Ke nan gwamnan jihar Tawa ko na Damagaram, idan aka bi sunan muƙaminsa har gindi, matuƙin jirgin ruwa ne, ko da kuwa jihar tasa rairayi ya fi yawa a cikinta.

Kalmar ba ta tsaya nan ba. A 1788 aka fara sa wa injin tururi na James Watt wata na'ura mai ƙwallaye biyu da ke juyawa, idan injin ya cika gudu ta rage masa tururi, idan ya yi sanyi ta ƙara. Sunan gwamna aka ba ta. A 1948 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Norbert Wiener, ya koma ga kalmar Girkanci ta asali ya raɗa wa ilimin sarrafa na'urori suna daga gare ta. Daga nan "cyber" ta fito, wadda muke gani a allon shagunan intanet na Yamai da Maraɗi. Matashin da ya ce zai je "siba" ya buga takarda, sunan matuƙin jirgin Girkawa yake kira bai sani ba.

Akwai kuma wani tsohon suna da ya bar tabo a harsunan Turai. Mutanen arewacin Turai filafili ɗaya suke sawa, kuma a gefen dama, domin yawancin mutane da hannun dama suke aiki. Jirgin Gokstad da aka tono a Norway a 1880 yana nuna haka ƙarara. Saboda haka tsohon Ingilishi ya kira gefen dama steorbord, wato gefen juyi, wanda ya zama starboard a yau. Kalmar Faransanci tribord, da yaranmu ke hardacewa tare da bâbord, daga wannan tushe take ta hanyar harshen Holan. Ita kuwa bâbord tana nufin gefen da matuƙi ya ba baya, domin idan ya juya ga filafilinsa a dama, hagu na bayansa. Malami zai iya koyar da kalmomin nan biyu cikin minti biyar da tsintsiya ɗaya da benci ɗaya: yaro ya hau benci, ya riƙe tsintsiya a damansa, sauran su faɗi gefen da ya fuskanta da wanda ya ba baya. Ba za su sāke rikita su ba.

Allon juyi na tsakiyar baya ya zo daga baya. Ƙasar Sin ta riga kowa: an samu ƙaramin jirgin yumɓu mai irin wannan allo a wani kabari na zamanin daular Han, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Turai ba ta fara amfani da shi ba sai ƙarni na 12, sitiyarin jirgi mai kama da ƙafar amalanke kuwa sai farkon ƙarni na 18. Kayan aiki suka canja, kalmomi suka zauna. Yau manyan jirage ba su da filafili a dama, amma gefen dama bai rasa sunansa ba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ƙasarmu ba ta da teku, aji cike yake maƙil, tsarin karatu ya yi wa malami yawa, albashi ba ya kai ƙarshen wata. A bar yaro ya hardace ya wuce. Na san wannan ƙorafi, kuma ba na raina shi. Amma a duba abin da hardar ke ci: minti goma ana maimaitawa yau, minti goma gobe, a ƙarshen shekara a tarar babu komai. Kalmar da aka haɗa da hoto da labari sau ɗaya ake koyar da ita. Gani ya kori ji. Kuma ba mu da nisa da ruwa kamar yadda muke zato. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar daga Ayoru zuwa Gaya, akwai Komadugu da tabkin Cadi a gabas, mu a nan kuma tabkin Madarunfa bai fi tafiyar ɗan lokaci a mota ba. Masunta suna can da jiragensu. Uban da ya kai ɗansa bakin tabki ya ce wa masunci, "Malam, don Allah nuna masa yadda kake juya jirgin nan," ya yi aikin da littafi uku ba su yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne idan aka jera wannan kalma da namu na gida. Bahaushe ma yana da hoton mulki, sai dai a tudu ya ɗauko shi. Muna cewa wane ya karɓi ragamar mulki, an juya akalar al'amura, an sa wa wane linzami. Ragama ta doki ce, akala ta raƙumi, linzami na bakin doki. Ita kanta kalmar siyasa da muka aro daga Larabci, tushenta kula da doki ne da horar da shi, kuma daga tushen ne Larabawa suka samu sunan mai kula da dawaki. Ga shi nan: a cikin jimla ɗaya ta labaran rediyo, "gwamnati ta karɓi ragamar siyasar ƙasa", akwai jirgi ɗaya da doki biyu. Wane yaro ne za a nuna wa wannan bai yi murmushi ba?

Hotunan biyu kuwa ba abu ɗaya suke koyarwa ba. Mai jan akala yana gaba, raƙumi na biye. Idan raƙumi ya faɗi, shi mai akala yana tsaye. Matuƙin jirgi a baya yake zama, kowa na gabansa yana ganinsu, kuma idan jirgi ya kife tare za su sha ruwa. Hausawa na cewa jirgi ɗaya ya kwaso mu, galibi da zolaya, amma maganar ta fi ƙarfin zolaya. Malaman addini sun san hadisin nan da ke cikin Bukhari, wanda ya kwatanta al'umma da mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgi, wasu suka samu sama wasu ƙasa, na ƙasa suka so su huda wajensu don su ɗebi ruwa ba tare da damun na sama ba. Idan aka ƙyale su kowa ya halaka. Yaron da ya san wannan daga makarantar allo ko Islamiyya, rabin darasin gouvernail yana hannunsa tun kafin ya shiga aji.

Yadda allon juyi ke aiki ma darasi ne, kuma nan ne nake so iyaye su tsaya. Na farko, ba ya aiki sai jirgi na tafiya. Ruwan da ke gudu ta gefensa ne ke tura shi, shi kuma ya tura bayan jirgin gefe, sai hanci ya karkata. Jirgin da ke tsaye cik, ko ka juya allon har ya karye, ba zai motsa ba. Na biyu, ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da jikin jirgin. Na uku, yana da iyaka. A yawancin manyan jirage ba a karkata shi fiye da digiri 35, domin idan ya wuce haka ruwa ya daina bin jikinsa, sai ya rage juyi ya koma birki. Na huɗu, babban jirgi ba ya amsawa nan take. Matuƙi ya juya, ya jira, kuma tun kafin hanci ya kai inda yake so sai ya fara mai da allon, in ba haka ba jirgin ya zarce.

Duk wanda ya yi renon yaro ko ya riƙe aji ya san waɗannan abubuwa huɗu, ko da bai taɓa shiga jirgi ba. Yaron da aka hana shi motsi, aka hana shi tambaya, aka ce ya naɗe hannu ya yi shiru, babu abin da za a juya a jikinsa. Wanda yake gwadawa yana kuskure shi ne ke juyuwa. Gyara kaɗan da aka yi da wuri ya fi dukan da aka yi a makare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsawa da bulala idan suka wuce iyaka birki suke zama: yaro ya tsaya, bai gyaru ba. Kuma nasihar da aka yi yau ba lalle ta nuna gobe ba. Iyaye da yawa muna juyawa, mu ga shiru, mu ƙara juyawa da ƙarfi, bayan shekara biyu mu tarar yaro ya zarce can wani gefe, muna mamaki.

Akwai abu na biyar da ke ba sabon shiga mamaki. Mariƙin allon juyi kishiyar inda ake so ake tura shi. Kana son hagu, ka tura dama. Mai jirgin inji a bakin kogi a Yamai haka yake yi da mariƙin injinsa har yau. Turawan Ingila sun daɗe suna ba da umarni bisa inda mariƙi zai nufa, har bayan da sitiyari ya maye gurbinsa. Daren 14 ga Afrilu 1912, da aka hango dutsen ƙanƙara a gaban Titanic, umarnin da aka bayar ya ambaci dama ne, aka kuma karkata jirgin hagu, kuma daidai ke nan bisa al'adar lokacin. Sai a 1933 jiragen Ingila suka bar wannan tsari. Tsohuwar kalma ta ci gaba da mulki shekaru da yawa bayan abin da ta ke nunawa ya ɓace daga hannun matuƙi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sanin asalin kalma ba wasan masu ilimi ba ne.

Idan kuma ana son a nuna wa yara girman ƙaramin abu, ga Bismarck, jirgin yaƙin Jamus mai tsawon kusan mita 250. Da yammacin 26 ga Mayu 1941 wani ƙaramin jirgin saman Ingila ya harba masa makami ya same shi a baya, allunan juyinsa suka maƙale a karkace. Injinansa na aiki, bindigoginsa lafiya lau, amma ya kasa nufar gaɓar Faransa inda zai tsira. Washegari aka nutsar da shi, mutum fiye da 2,000 suka mutu.

Yanzu bari in faɗi abin da ke kan hanyar hujjata, don kada a ce na ɓoye. Asalin kalma ba ya ɗaure ma'anarta ta yau. Don gwamna ya fito daga matuƙi, wannan bai sa kowane gwamna ya zama mai tausayin fasinja ba. Hoton jirgin ma an sha amfani da shi don rufe bakin jama'a. Aflatun, a littafinsa kan tsarin ƙasa, ya kawo misalin jirgi ne don ya soki mulkin jama'a na Atina: mai jirgin ƙato ne mai ƙarfi amma ba ya ji sosai, ba ya gani sosai, ma'aikata na kokawa kan wanda zai riƙe filafili, wanda ya san taurari da iska kuwa ana yi masa dariya. A ƙasar Sin an yi wa Mao kirari da babban matuƙi, a shekarun da musa masa ke iya kai mutum kabari. Duk mai mulki yana son a ce masa matuƙi, domin a jirgi ba a gardama da matuƙi.

Amma ko a misalin Aflatun ɗin akwai abin da masu kirari ke tsallakewa: jirgin ba na matuƙi ba ne. Mai jirgi daban, matuƙi daban. A bakin kogi ma haka abin yake. Fasinja ne ke cewa a kai shi ƙetare, matuƙi ya san inda duwatsu suke da inda ruwa ke da ƙarfi, ya zaɓi hanya. Ya fi fasinja sanin ruwa, fasinja ya fi shi sanin inda za shi. Matuƙin da ya ɗauki mutanen da suka biya kuɗin zuwa Gaya ya nufi Tilaberi da su, ƙwarewarsa ba ta wanke shi ba. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibi ya fita da shi daga darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, kuma shi ne abin da nake tuna wa kaina a gida. Ni ke riƙe da filafilin ɗana yau, amma rayuwar tasa ce, kuma ranar da zan miƙa masa mariƙin tana tafe. Idan ban taɓa barinsa ya riƙe a ruwa marar zurfi ba, ranar nan za ta zo masa a tsakiyar kogi.

Maganar ta ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Idan har za a ƙara koyarwa da Hausa, dole a samar da kalmomi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ta Faransanci a lanƙwasa ta, a ce "gubarnayi" a wuce. Hakan zai haifar da harda iri ɗaya, da sabon tufafi kawai. Shawarata ita ce a fara da masu sana'a. A je wajen Sarkawa da sauran masunta da masu fito, a rubuta sunan da suke kiran kowane sashe na jirgi, daga hanci zuwa baya, kafin tsofaffinsu su ƙare. Inda abin sabo ne, a gina suna daga abin da yaro ya sani. Ni da ɗana "akalar jirgi" muka ce, kuma nan take ya gane, domin ya ga raƙuma a kasuwa. Daga nan sai na nuna masa bambancin: akala a gaba take, wannan a baya.

Ga malamai, abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗi. Kwano ko bahon wanki, ruwa, guntun kara ko murfin gwangwanin sardin, da ɗan kwali da za a soke a baya. A hura shi ya yi tafiya, a karkata kwalin, yara su ga inda ya nufa. A tsayar da shi, a karkata kwalin, su ga babu abin da ya faru. Sannan a rubuta gouvernail a allo, a rubuta gouvernement a ƙarƙashinta, a rubuta gwamnati a ƙarƙashin wannan, a tambaye su me suka gani. A bar su su gano da kansu. Darasin Faransanci, na kimiyya, na tarihi da na tarbiyyar ɗan ƙasa sun haɗu a baho ɗaya.

Mun yi haka a tsakar gida ranar Lahadi, da bahon wankin mahaifiyarsa, wadda ta tsaya tana kallonmu tana cewa mu dai kada mu fasa mata. Jirgin gwangwaninmu ya kife sau biyu kafin ya yi tafiya. Da ya tafi, yaron ya karkata kwalin da yawa, jirgin ya tsaya yana juyi wuri ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Baba, ashe in an matsa masa da yawa ba ya tafiya." Na ce haka ne. Mahaifiyarsa ta ce, "To, ka ji dai da kunnenka," kuma ba da yaron take ba.

Allah ya ba shugabanninmu da malamanmu da mu iyaye hannun da ya san iyakar juyi, ya kai mu gaɓa lafiya.